Me ya sa muke gudun taɓa wanda aradu ta faɗa wa? Zare kan tarihin wayar ƙasa

1/ Jama'a, zaren yau yana da tsawo, ku yi haƙuri da ni. Labarin wani marini ne a Ingila, da wani farfesa da ya mutu a Rasha, da ramin nan na uku a jikin soket ɗin ɗakinku wanda kuke cusa wa murfin biro. Amma daga gida zan fara, don abin da ya sa na zauna na rubuta shi a gida ya faru.

2/ Daminar bara ina hutu a Kibiya. Hadari ya taso da la'asar, wasu masu noma a gonar da ke kusa da tamu, ta ɓangaren hanyar Rano, suka fake a gindin ɗorawa. Aradu ta faɗi. Uku suka tashi a guje, ɗaya bai tashi ba. Saurayi ne, ba zai girme ni ba.

3/ Da na isa, mutane sun kewaye shi amma kowa ya ja baya kamar taku biyar. Wani dattijo ya ce wutar tana jikinsa, duk wanda ya kai hannu za ta kama shi, sai an samo nono an yayyafa masa. Aka tura yaro ruga a kan babur. Ni ma, da duk fizis ɗin da nake karantawa a jami'a, na tsaya. Wallahi na tsaya. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

4/ Ban ce da mun taɓa shi zai rayu ba, wannan sanin Allah ne. Abin da nake cewa shi ne dalilin da ya hana mu taɓa shi ba gaskiya ba ne, kuma tushen amsar ya fito tun kusan shekara 300 da suka wuce. Wutar ba ta jikinsa. Kafin mu gama jin ƙarar tsawar ta riga ta shige ƙasa. To ta yaya aka san haka? Ku biyo ni.

5/ Kowa ya taɓa goga biro a gashin kansa ya ɗauki guntayen takarda. Mutanen Girka na dā sun san irin wannan wasan, sai dai su da wani daskararren ƙaro mai ruwan zuma suke yi, wanda suke kira elektiron. Daga sunan ƙaron nan kalmar lantarki ta samo asali. A 1600 William Gilbert, likitan Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, ya nuna gilashi da wasu abubuwa da dama ma suna yi. Daga nan maganar ta ɗan kwanta. An san a goga, an san yana jawo gashin kaza. Ba a san yana tafiya ba.

6/ Sai Stephen Gray, haifaffen garin Kantabari a Ingila, 1666. Sana'ar gidansu rini. E, marini ne ɗan marini. Ranar da na karanta wannan sai da na yi murmushi, don a labarin Hausa Bakwai da aka koya mana a firamare, Kano da Rano su ne sarakunan baba. Mutumin da ya buɗe wannan ƙofar irin wanda za ka tarar a bakin karofi ne, ba ɗan sarauta ba, ba mai digiri ba. Ya tsufa a wani gidan kula da dattawa marasa ƙarfi a Landan.

7/ A 1729 Gray yana goga wani bututun gilashi da ya toshe bakinsa da toto don kada ƙura ta shiga. Sai ya ga toton ma yana jawo gashin tsuntsu, alhali ba shi ya goga ba. Wato abin ya tsallaka daga gilashi zuwa toto. Ya soka sanda a toton, ya sa ƙwallon hauren giwa a ƙarshenta: ƙwallon ya ja. Ya ɗaura igiya mai tsawo ya sako ta daga bene: ya ja.

8/ Matsala ta zo da ya so ya miƙa igiyar a kwance. Dole a rataye ta da wani abu. Ya rataye ta da guntayen irin igiyar, ya kafe su a azarar ɗaki. Shiru. Komai bai isa ɗaya ƙarshen ba.

9/ Ya je wajen abokinsa Granville Wheler, mai hali da faɗin gida a yankin Kent. Suka yanke shawarar su rataye igiyar da zaren siliki, a tunaninsu siliki siriri ne, abin ba zai samu hanyar zurarewa da yawa ba. Ya yi aiki. Suka yi ta ƙara tsawo har nauyin igiyar ya tsinka silikin. Sai suka ce to bari mu sa wayar tagulla, ita ma siririya ce amma ta fi ƙarfi. Suka sa. Shiru kuma.

10/ Nan ne fa wurin. Siranta ba ita ce magana ba, irin abin ne. Tagulla ta ba cajin hanya ya bi ta azara, ta bango, ya shige ƙasa. Siliki ya tare shi. Da suka koma siliki mai ƙarfi sai suka aika caji tazarar da ta haura mita 200. A ganina wannan gwajin da ya ƙi aiki ya fi wanda ya yi aiki daraja, don shi ne ya sa aka fara fahimtar cewa ƙasa tana shanye caji idan ka ba shi hanya.

11/ Shekara ɗaya bayan nan Gray ya rataye wani yaro a kwance da igiyoyin da ba sa ba caji hanya, ya kawo gilashin da ya goga kusa da ƙafarsa, sai fuskar yaron da hannuwansa suka riƙa jawo ɓarɓashin ƙarfe. Ku riƙe wannan hoton a ranku. Jikin mutum yana ba caji hanya, kuma yana iya riƙe shi, amma fa sai an raba shi da ƙasa. Shi ya sa aka sha wahalar rataye yaron. Ka sauke shi ya taka ƙasa, wasan ya ƙare.

12/ Saurayin da ke kwance a gonar nan, a jiƙe, bayansa duk a kan laka, da me aka rataye shi?

13/ Bari in faɗi abin da ke faruwa a harshen yau. Kowane abu yana da caji iri biyu, fulos da mainos, alamun nan na jikin batir. Charles du Fay a Faransa ne ya fara cewa iri biyu ne a 1733, Benjamin Franklin na Amurka kuma shi ya sa musu waɗannan sunaye. A ƙarfe, masu yawo su ne 'yan ƙananan abubuwa masu mainos da ake kira ilektiron, waɗanda J. J. Thomson ya gano a 1897. Wanda ya samu ƙarinsu ya zama mainos, wanda ya yi asararsu ya zama fulos. Ba a ƙirƙirar caji, hannu kawai yake sauyawa.

14/ Idan ka haɗa ƙarfe biyu, ɗaya da caji ɗaya babu, za su raba, kuma babba shi ke kwashe kaso mafi tsoka. Yanzu ka ɗauka ɗayan duniya ce gaba ɗaya, wadda daga tsakiyarta zuwa doron da muke takawa kusan kilomita 6,400 ne. Rabonka nawa zai zama? Ka ɗebi bokiti guda ka juye a dam ɗin Tiga, ka tsaya ka ga ko ruwan zai ƙaru. Ka ɗebi bokiti daga ciki, ka ga ko zai ragu. Ma'anar haɗa abu da ƙasa ke nan: ka jona shi da abin da ya fi ƙarfin ya cika ko ya ƙare, sai matsin lantarkinsu ya zama ɗaya. Wannan matakin ne injiniyoyi suka amince su kira sifiri.

15/ 'Yan WAEC da JAMB, ga inda ake kayar da ku. Ana cewa ƙasa tana "cire" caji, sai ku ɗauka kullum sauka yake yi. A'a. Idan abin mainos ne, ilektiron za su sauka ƙasa. Idan fulos ne, ilektiron za su hauro daga ƙasa su cike giɓin. Hanya ce mai zuwa da dawowa.

16/ Ga kuma tambayar da ba ta ƙarewa a jarrabawa. Ka kawo sanda mai mainos kusa da ƙwallon ƙarfe, ba tare da sun taɓa juna ba. Ilektiron ɗin ƙwallon za su gudu ɗaya gefen. Ka taɓa ƙwallon da yatsa, su bi jikinka su shige ƙasa. Ka ɗauke yatsa TUKUNA, sannan ka janye sandar. Ƙwallon ya zama fulos, kishiyar sandar, kuma sandar ba ta rasa komai ba. In ka fara janye sandar, ilektiron za su dawo ta yatsanka, ka tashi a tutar babu.

17/ Mu koma tarihi. A 1745 da 1746, wani malamin coci a ƙasar Jamus, Ewald von Kleist, da wani farfesa a garin Laidin na Holan, Pieter van Musschenbroek, kowa a nasa wurin, suka tara caji a kwalbar gilashi mai ruwa. Girgizar da ta bugi farfesan sai da ya rubuta wa abokinsa a Faransa cewa ko mulkin Faransa za a ba shi ba zai sake ba.

18/ Abin dariyar, wasu ƙwararru da suka so maimaita gwajin sun kasa da farko, don sun bi ƙa'idar da suka sani, sun ɗora kwalbar a kan abin da ke raba ta da ƙasa. Ashe sirrin shi ne hannun da ke riƙe da kwalbar, na mutumin da ke tsaye a ƙasa. Cajin da ke ciki yana jawo kishiyarsa daga ƙasa ta jikin mutumin zuwa bayan gilashin. Kwalbar nan ita ce kakar kafasito ɗin da ke cikin cajar wayarka da fankar ɗakinka.

19/ Sai babbar tambaya: wannan ɗan tartsatsin na ɗakin gwaji, shi ne walƙiyar sama? Franklin ya ce shi ne, ya kuma rubuta yadda za a gwada. Ranar 10 ga Mayu 1752, a wani ƙauye kusa da Paris, aka kafa dogon ƙarfe bisa tsarin Thomas-François Dalibard, aka raba gindinsa da ƙasa, hadari ya zo, aka ciro tartsatsi daga jikinsa. Labarin Franklin da abin tashinsa mai zare da makulli, wanda kowa ya fi sani, daga baya ya zo a cikin wannan shekarar.

20/ Shekara ɗaya bayan nan, 1753, a birnin San Fitasbag na Rasha, Farfesa Georg Richmann ya kafa ƙarfe a rufin gidansa, ya jawo waya har cikin ɗaki don ya auna ƙarfin cajin hadari. Bai ba wayar hanyar shiga ƙasa ba, don so yake cajin ya taru. Ya sunkuya zai duba ma'auninsa, aradu ta faɗi. Hanya mafi kusa zuwa ƙasa ita ce goshinsa zuwa ƙafarsa. Nan take ya mutu. Mai zanen da ya zo tare da shi ya faɗi amma ya tashi.

21/ Ƙarfen Richmann da ƙarfen kariyar da Franklin ya ba da shawarar a riƙa kafawa a kan gine-gine kusan abu ɗaya ne a ido. Bambancin waya guda ce: na Franklin yana gangarowa ta bayan gini ya nutse cikin ƙasa mai danshi. Ɗaya tarko, ɗaya kariya. Duk lokacin da na ga dogon gini ko hasumiyar tankin ruwa an kafa mata tsinin ƙarfe a sama, yanzu ƙasa nake fara dubawa in ga ko wayar ta sauko. Sau da yawa ɓarayin jan ƙarfe sun riga ni zuwa.

22/ Kafin wani ya ce Turawa sun fi mu wayo tun asali: su ma sun daɗe suna kaɗa ƙararrawar coci don korar tsawa, masu kaɗawar suna mutuwa a hasumiya. Kuma gatarin aradu da kakanninmu ke tsinta a gona, dutsen nan mai santsi da baki kamar gatari, su ma sun tsince shi a ƙasashensu, sun ce tsawa ce ta jefo shi. Yarbawa suna danganta shi da Sango. Daga baya aka tabbatar gatura ne na gaske da mutanen zamanin dutse suka wasa da hannunsu. In kuna da shi a gida ku adana, kayan tarihi ne. Aradu dai ba ta jefo dutse.

23/ Abin da take yi shi ne wannan. A cikin hadari, ƙanƙara manya da ƙanana suna gogar juna, caji ya rabu, gindin girgijen galibi ya zama mainos. Ku tuna sanda da ƙwallon ƙarfe na lamba 16. Girgijen ne sandar, doron ƙasa ne ƙwallon. Fulos ya taru a sama-saman duk abin da ya yi tsini: giginya, ɗorawa, kan duwatsun Rurum, eriya, mutum tsaye a fili da fartanya a kafaɗa. In iska ta kasa raba su, sai hanya ta ɓalle. Wutar da ke bi takan kai amfiya 30,000, kuma duk abin bai cika daƙiƙa ɗaya ba.

24/ In kana fili ka ji gashin jikinka yana miƙewa lokacin hadari, ba sanyi ba ne. Kai ne ka zama tsinin. Ka bar wurin.

25/ Sai dai fa shigarta ƙasa ba ya nufin ta ɓace nan take a wuri ɗaya. Tana bazuwa, kuma ƙasa ba jan ƙarfe ba ce, tana da turjiya. Don haka tsakanin inda ƙafarka ta dama take da ta hagu ana samun bambancin matsi, wuta ta hau ta nan ta sauka ta can. Saniya ta fi shiga uku, don tazarar ƙafafunta na gaba da na baya tana da yawa kuma zuciya na tsakani. A 2016 aradu ta kashe dabbobin dawa irin barewa sama da 300 a Nowe a faɗuwa guda. A Satumbar 2019 shanu 36 suka mutu haka a Ijare, jihar Ondo, aka yi ta cewa fushin abin bauta ne. Makiyayanmu da ke tara garke a gindin itace idan hadari ya taso, wannan maganar taku ce.

26/ Yanzu ga abin da na so a ce na yi a gonar nan. Mafi yawan waɗanda aradu ta faɗa wa, kusan tara cikin goma, suna rayuwa. Waɗanda ke mutuwa galibi zuciya ce ko numfashi ke tsayawa, kuma mintunan farko su ne komai. Ba caji a jikinsa. Ka taɓa shi. In wurin da hatsari ka janye shi. In ba ya numfashi, ka ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa ka riƙa dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya nemo abin hawa. In mutum da yawa suka faɗi, a fara da wanda ya yi shiru, ba mai ihu ba. Mai ihu zuciyarsa na aiki.

27/ Kada a juya min magana: wanda wutar NEPA ta riƙe DABAN ne. Shi tushen wutar bai yanke ba, tana ci gaba da bi ta jikinsa zuwa ƙasa, in ka kama shi ka zama hanya ta biyu. A kashe wutar, ko a ture wayar da busasshiyar sanda. In babbar wayar turke ce ta faɗo, ko kusa kada ka je. Ina zargin tsoron wannan da tsohon tsoron aradu ne suka cakuɗe a kanmu har muka daina bambancewa.

28/ Wannan ya kawo mu ramin soket. Filogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi tsarin Ingila ne na 1947. Ƙafar sama, wadda ta fi tsawo, ita ce ta ƙasa, masu wayarin suna ce mata "at". An yi ta da tsawo ne don ta riga sauran shiga, ta kuma zama ta ƙarshen fita. Wayarta ita ce mai kore da ruwan ɗorawa. Ba ta ɗaukar wuta a ranar lafiya. Aikinta sai ranar da waya mai wuta ta goge ta taɓa jikin firji ko dutsen guga ko injin markaɗe: ta ba wutar hanya mai sauƙi, fis ya ƙone ko bireka ta faɗi, kafin hannun wani ya zama hanyar.

29/ Mu kuma me muke yi? Mai wayarin ya ce Alhaji a sayi waya uku, Alhaji ya ce biyu ma ai fitila na kamawa. Mu cusa murfin biro a ramin sama, mu tura tsirarar waya da tsinken ashana. Firji na ɗan cizo, sai a ce a riƙa sa silifas. Cizon nan gargaɗi ne. Wutar gida bolt 230 ce, kuma abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba, in ya ratsa ƙirji, ya isa ya rikita bugun zuciya. Yanzu da sola da inbata da sumo na rijiyar burtsatse suka cika garuruwanmu, ku tambayi wanda ya haɗa muku ina ya kafa ƙarfen ƙasa. Ku ce ya nuna muku da yatsa.

30/ Kuma yankinmu yana da tasa matsalar. Rano da Kibiya ƙasar duwatsu ce, wani wurin ka haƙa kaɗan ka ci karo da fa. Dutse da busasshiyar ƙasa ba sa ba wuta hanya sosai. Ƙarfen da ya yi kyau a watan Agusta yana iya zama kusan ado a watan Maris. Shi ya sa masu aikin kirki suke neman wuri mai danshi, su zurfafa, su zuba gawayi da gishiri, wani lokaci su kafa fiye da ɗaya. Gishirin yana wankewa kuma yana cin ƙarfe, don haka ba aikin sau ɗaya ba ne. A ƙasa irin tamu ƙarfen kaɗai ba lallai ya sa bireka ta faɗi ba, sai an haɗa da na'urar nan da ake kira RCD, mai yanke wuta da zarar ɗan kaɗan ya zurare.

31/ Da hunturu kuma ga ƙaramin aradu a cikin bargo. Iska ta bushe, danshin da ke zurar da caji a hankali babu, sai ya taru a jikinka, ka kai hannu ƙofar mota ka ji tas. Kafin tartsatsi ya tsallake milimita ɗaya na iska ana buƙatar kusan bolt 3,000. Ba ya kisa don cajin kaɗan ne, amma ya isa ya kunna tururin fetur. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a maƙala wa tanka wayar ƙasa kafin ta fara sauke mai. 'Yan bumburutu da masu janareto, ku sauke jarka ƙasa kafin a zuba, ba a kan babur ko cikin but ba.

32/ Wani zai tambaya, to waya fa, tana jawo aradu? Wayar hannu ba ta jawowa. Wadda ke jone a caji lokacin tsawa ita ce abin gudu, don wuta na iya biyo wayoyin gidan.

33/ Da na koma gida hutun nan na zagaya bayan ɗakin Baba ina neman ƙarfen ƙasarmu. Na same shi. Guntun rodi ne da bai kai kamu biyu ba, wayar ta daɗe da tsinkewa, an ɗaure akuya a jikinsa. Na yi wa Baba bayanin Gray da siliki da tagulla, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce nawa ne kuɗin sabo. Mun fara haƙa ranar Asabar a kusa da makwararar ruwan wanka. Mun ci karo da dutse, mun matsa gaba kaɗan. Maganar nono kuwa ban samu ƙarfin halin tayar da ita a gaban dattijon nan ba tukuna. Na dai yi ta da matasan majalisarmu, biyu daga cikinsu suna gonar ranar.